Idan dashen tumatir ya ƙi tashi

Sabbin masu noman rani a Jega da Argungu sun yi ta tambayata: an yi dashe, mako uku ba motsi. Ga yadda nake bi:

1. Tura yatsa cikin ƙasar gindinsa. In ta yi caɓi, tsayar da ban-ruwa kwana biyu. Yawan ruwa yana shaƙe saiwa, kuma nan ne sabon hannu ya fi faɗawa.

2. Tuge guda ɗaya ka duba saiwar. Fara tas ita ce lafiyayya. Mai ƙulle-ƙulle kamar carbi kuwa, tsutsar ƙasa ta kama ta.

3. Juya ganye ka leƙa bayansa, nan farin ƙuda ke laɓewa.

4. Cire duk wanda ganyensa ya nannaɗe ya ƙanƙance, kada ya shafa wa saura.

5. In ganyen ƙasa ne ya yi rawaya, zuba masa takin zamani na NPK 15-15-15, cike da murfin kwalba ɗaya.

Hattara, ɗan'uwa: kada takin ya taɓa kara, ba shi tazarar yatsu huɗu. Ɗanyen kashin kaji ma ƙona shuka yake yi.

6. Rufe takin da ƙasa.

7. Jira mako guda kafin ka ƙara komai, musamman cikin sanyin hunturu.