Yadda Ake Karanta Zanen Bangon Meksiko Na 'Yancin Kai

Zanen bangon Meksiko cunkushe yake da mutane, har ido ya rasa inda zai sauka. Amma masu zanen sun bar alamomi da gangan, saboda an yi aikin ne don talakan da bai iya karatu ba.

Fara da neman mikiya. A babban zanen da Diego Rivera ya yi a matattakalar Fadar Ƙasa da ke birnin Meksiko, daga 1929 zuwa 1935, tana tsakiyar bango. A tutar ƙasar za ka gan ta tsaye kan wata shuka mai ƙaya da suke kira nopal, da maciji a baki. Labarin Aztek ne, mutanen da suka mulki yankin kafin zuwan Sifaniyawa: an ce musu inda suka ga haka nan za su kafa gari, suka kafa Tenochtitlan a tsibirin tafki a 1325. Sai dai ka duba bakin mikiyar Rivera da kyau, ba maciji ta riƙe ba, tambarin yaƙi ne na ruwa da wuta.

Daga nan sai ka gane fuskoki. Dattijo mai sanƙo da furfura a gefen kai, sanye da baƙar rigar limamin coci, shi ne Miguel Hidalgo, wanda ya kira mutanen garin Dolores su yi wa Sifaniya tawaye ranar 16 ga Satumba, 1810. Mai ƙyalle ɗaure a ka kuwa José María Morelos ne, wanda ya ci gaba da yaƙin bayan an kashe Hidalgo a 1811.

Sai ka koma kan abin da ke hannu, domin nan maganar take. In ka ga tuta mai hoton mace cikin mayafi mai taurari, Budurwar Guadalupe ce, wato Maryamu mahaifiyar Annabi Isa, tutar da 'yan tawayen farko suka ɗaga. Tsinkakkiyar sarƙa na nufin ƙarshen bauta, kuma ba ado ba ne kawai, Hidalgo ya ba da dokar soke bauta a Guadalajara a Disambar 1810. A wannan garin ne José Clemente Orozco ya zana shi a 1937, ƙato, yana ɗaga itace mai ci da wuta a kan jama'ar da ke soke juna da wuƙaƙe. A ganina wannan ya fi na Rivera gaskiya, don bai ɓoye jinin da aka zubar ba.

Launuka ba su da wuya. A tutar ƙasar ta 1821 kore na nufin 'yanci, fari addini, ja haɗin kai, ko da yake yanzu da yawa kan ce ja jinin jarumai ne.

Hattara da wuri ɗaya da ake yawan tuntuɓe. Mai kaurin gashin baki da faffaɗar malafa Emiliano Zapata ne, kuma nasa yaƙin na juyin juya halin 1910 ne, kan rabon gonaki, shekara 100 bayan kiran Hidalgo.