Yadda za ki gane ko duba-gari na aikinsu

Ni tuwo nake sayarwa a nan Kaduna, duba-garin ƙaramar hukuma ba baƙi ba ne a rumfata. Yar'uwa, kada rasit ɗin da suke bayarwa ya ruɗe ki. Ki sa ido: sun buɗe randar ruwa? Sun leƙa lambatun bayan rumfa, sun nemi takardar gwajin lafiyar masu girki? Ko gaisawa kawai aka yi aka wuce?

Ni ɗan littafi na tanada, duk ya sha manja, ina rubuta ranar zuwansu da abin da suka ce a gyara. In mako biyu suka wuce ba su dawo ba, sai mu masu rumfuna mu haɗu mu kai wa kansilanmu littafin. Kayan gwangwani marasa lambar rajista kuwa, NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ake kai wa ƙara.