Kurakuran da Ke Barin 'Ya'yan Manhaja a Raye Bayan Uwar Ta Mutu

Ka rufe manhaja, ka sake kunna ta, sai ta ce fot 8080, wato ƙofar sadarwa da take amfani da ita, yana hannun wani. Ka duba da ps, umarnin da ke nuna ayyukan da ke gudana a kwamfuta, ga ƙaramin aikin da ta haifa (wato ta kunna) ɗazu yana nan daram yana cin RAM, ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta. Manhajar ita ce uwa, aikin da ta kunna shi ne ɗa. A Linux da macOS mutuwar uwa ba ta kashe ɗa. Yawanci kenel, wato zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, yakan miƙa marayan ga aiki mai lamba 1 (kowane aiki yana da lambarsa), marayan ya ci gaba da harkarsa.

Abin da ke yaudarar masu rubuta manhaja shi ne Ctrl+C. Mutum ya danna, ya ga komai ya tsaya, ya ɗauka ya gama. Alhali taminal, tagar da ake rubuta umarni, ce ta aika SIGINT, siginar katse aiki, ga rukunin gaba ɗaya, uwa da 'ya'ya. In kana son gwajin gaskiya, kashe uwar ita kaɗai da kill -9, umarnin da ke aika SIGKILL, siginar kashewa nan take, sannan ka duba wa ya rage.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗora wa uwar aikin shara, wato kashe 'ya'yanta, a lokacin da take mutuwa, ta hanyar atexit ko finally, umarnin da ke gudana yayin kammalawa. Wannan yana aiki ne idan ta fita cikin lumana. SIGKILL kuwa ba a tare ta, kuma ita kenel ke aikawa idan RAM ya ƙare. A Python ma, SIGTERM, siginar da ke roƙon aiki ya tsaya, ba ta tayar da atexit sai ka rubuta mata abin tarba da kanka. Ka bar sharar a wurinta, tana da amfani, amma kada ta zama ita kaɗai ce madogara.

Sai batun jikoki. Idan ka kunna umarni da shell=True, lambar aikin da ke hannunka sau da yawa ta shel ce, manhajar da ke kunna maka umarnin; ka kashe ta, ainihin aikin ya tsira. Ka ba ɗan rukuninsa da setsid, ko start_new_session=True, sannan ka kashe rukunin duka da killpg. Ka sani fa, daga nan Ctrl+C ba za ta ƙara kai masa ba, nauyin ya dawo kanka.

A Linux akwai prctl da PR_SET_PDEATHSIG: ɗa yana roƙon kenel ya aiko masa da sigina idan uwa ta mutu. Ina son wannan hanya, sai dai tana da tarkuna, kuma nan ne ake shan wahala. Mutuwar zaren (thread, ɗaya daga layukan aiki da ke gudana cikin manhaja) da ya haifi ɗan ake kallo, ba ta manhajar duka ba. Don haka idan zare na wucin gadi ne ya kunna shi, da zarar zaren ya gama, ɗan zai mutu uwar tana tsaka da aiki, kai kuma kana neman matsalar a wani wuri. Jikoki ba sa gadon wannan roƙo. Sannan uwar tana iya mutuwa kafin ɗan ya kai ga kiran prctl, siginar ba za ta taɓa zuwa ba. Maganin wannan layi ɗaya ne: bayan kiran, ɗan ya duba lambar uwarsa da getppid, idan lambar ta canza ya fita.

A Windows, saka 'ya'yan cikin Job Object, wato rukunin ayyuka na Windows, mai JOB_OBJECT_LIMIT_KILL_ON_JOB_CLOSE. Ko ta yaya uwar ta mutu, tsarin zai rufe mariƙin (handle) da take riƙe da Job Object ɗin da shi, ya kashe duk abin da ke ciki.

Idan kai ka rubuta ɗan, bututu (pipe), hanyar aika bayanai tsakanin ayyuka biyu, ya fi komai sauƙi, kuma yana aiki a ko'ina. Uwa ta riƙe bakin rubutu, ɗa ya zauna yana karantawa. Uwar na mutuwa, bakin ya rufe, ɗan ya ga EOF, alamar ƙarshen bayanai, ya fita. Amma ka tabbata babu wani aiki da ya gaji bakin rubutun, har shi ɗan kansa, domin muddin kwafi ɗaya yana buɗe, EOF ba zai zo ba.