Kurakuran da ke kayar da jiragen masu ƙira a SimplePlanes, da yadda ake gyara su

Ƙanena ya kwana uku yana ƙera jirgin sama a wayarsa. Ranar da ya gama, ya same ni a zaure bayan la'asar ya miƙo mini wayar yana ta murmushi. Jirgi ne fari mai jan layi a gefe, injina huɗu, fukafukansa sun karkata baya kamar na shirwa. Na tura totur har ƙarshe. Jirgi ya sheƙa a kan titi, bai kai rabi ba hancinsa ya ɗaga, ya miƙe tsaye ƙiƙam, ya yi adungure ya faɗo da baya.

Ya ce, "Yaya, injin ne bai isa ba. Bari in ƙara biyu."

Na ce, "Dakata tukuna. Injin naka ma yawa ya yi. Koma ɗakin ƙira ka kunna mini ɗigogin nan uku."

Wasan shi ne SimplePlanes na kamfanin Jundroo da ke Amurka, wanda ya fito a wayoyi a ƙarshen 2014, ya shiga kwamfuta ta Steam, kasuwar wasanni ta intanet, a 2015. Mutum zai harhaɗa gangar jiki da fukafukai da inji da tayoyi, ya tuƙa abin da ya ƙera, sannan ya ɗora shi a shafin wasan na intanet domin wasu su sauke. Duk wanda ya taɓa yin motar kara yana yaro zai gane daɗin abin. Bambancin kawai, ita iska ba ta yafe kuskure. Yawancin abin da zan faɗa ya shafi masu Kerbal Space Program ma, wani wasan ƙera rokoki da jirage, domin dokar tashin jirgi ɗaya ce a ko'ina.

Ɗigon ja da ɗigon shuɗi

A nan mafi yawan jirage ke mutuwa tun kafin su bar ƙasa. A ɗakin ƙira akwai alamu uku da sababbin shiga ba sa ko kunnawa. Ja shi ne cibiyar nauyi, wato wurin da jirgin zai daidaita da za a ɗora shi a kan tsinin yatsa. Shuɗi shi ne cibiyar ɗagawa, inda ƙarfin iskar da ke tallafe da fukafukai yake haɗuwa. Rawaya kuma cibiyar turin inji.

Ƙa'idar ita ce ja ya kasance gaba da shuɗi, amma da ɗan tazara kaɗan. Dalilin ya kamata mutum ya fahimce shi, ba haddacewa kawai ba. Jirgi yana juyawa ne a kan cibiyar nauyinsa. Idan wata iska ta ɗan ɗaga hancinsa, ƙarfin ɗagawa zai ƙaru. In wannan ƙarin ya faɗa a bayan ɗigon ja, sai ya ɗaga jela, hanci ya koma ƙasa, jirgi ya gyara kansa da kansa. In kuwa a gabansa ya faɗa, sai ya ƙara ɗaga hancin da ya riga ya ɗagu, abu ya ci gaba da taɓarɓarewa har jirgin ya kife. Kamar amalanken da aka jibge wa kaya a baya ne, sai ka ga gaba ya yi sama.

Abin da ya faru da ƙanena ke nan. Ya jera injina huɗu masu nauyi a ƙugun jirgin, suka janye ja zuwa baya, fukafukai kuma suna can gaba. Da ya ƙara biyun da ya yi niyya, da abin ya ƙara muni.

Akwai masu jin wannan sai su wuce gona da iri, su tura ja can kusa da hanci. Irin wannan jirgin ba ya adungure, amma ba ya tashi. Za ka ja sandar tuƙi iya ƙarfinka, ya cinye titi duka ya faɗa ruwa. In ma ya tashi, kullum kansa na rinjayarsa. Masu ƙera ƙananan jiragen gaske sukan sa cibiyar nauyi wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na faɗin fiffike, in an auna daga bakinsa na gaba, kuma wannan ma'auni ne mai kyau na farawa.

Gyaran da na fi so shi ne matsar da fiffike, ko inji, ko tankin mai, taki ɗaya ɗaya. Cusa mataccen nauyi a hanci yana aiki, amma kaya ne jirgin zai yi ta dako a banza, don haka a bar shi sai an rasa wata dabara. Wani zai ce ai jirgin yaƙin nan F-16, wanda ya fara tashi a 1974, da gangan aka ƙera shi ba mai daidaita kansa ba. Haka ne, sai dai kwamfuta ce ke gyara masa tuƙi a kowane ƙiftawar ido. Kai kuwa babban yatsanka kaɗai gare ka a kan gilashin waya.

Masu Kerbal Space Program su ƙara da duba ɗigogin sau biyu, da tanki cike da kuma tanki fanko, domin mai na ƙonewa cibiyar nauyi na matsawa. Jirgin da ya tashi lafiya yana iya zama dokin da bai san linzami ba lokacin sauka. A Concorde, jirgin fasinjan da ya fi sauti gudu, har tura mai aka riƙa yi daga tankunan gaba zuwa na baya yana cikin tafiya, saboda a riƙe wannan daidaiton. Shi kuma ɗigon rawaya, a tabbatar yana kan layi ɗaya da ja. Injin da aka ɗora can sama yana danne hanci duk lokacin da aka ba shi wuta, na ƙasa kuma yana ɗaga shi.

Tayoyi

Mutane suna liƙa tayoyi a ƙarshe, duk inda suka ga ya yi kyau. Alhali a kan tayoyin baya jirgi ke dogara ya ɗaga hanci. In jirgin mai taya ɗaya ne a gaba da biyu a baya, na bayan su zauna ɗan bayan ɗigon ja kaɗan. In suka yi nisa, jela ba za ta iya ɗaga gaban jirgin ba komai gudu. In suka shiga gaban ja, jirgi zai zauna da gindi tun ba a kunna shi ba. Jirage irin na da, masu ƙaramar taya a jela, akasin haka ne, manyan tayoyinsu gaba da ja suke.

In jirginka na kauce wa titi yana yin hagu ko dama, kada ka fara zargin wasan. Sau da yawa taya ɗaya ce ta karkace, ko an ɗora wani abu a gefe guda an manta da ɗayan. Goge ɓangare ɗaya gaba ɗaya ka yi amfani da madubi, maɓallin da ke kwafe gefe ɗaya zuwa ɗayan, ya kwafo maka. A kuma ware tayoyin, domin masu matsattsen tsakani da wuya su sauka ba su tuntsure ba.

Yawan inji

Wannan ciwon kusan kowa ya yi shi. Jirgin 'yan'uwan Wright da ya tashi ranar 17 ga Disamba 1903 injinsa ƙarfin doki 12 ne kacal. Ƙaramin jirgin nan Cessna 172, wanda aka ƙera fiye da 44,000, inji ɗaya gare shi da fukafukai masu tsawon mita 11. Fiffike ke ɗaukar jirgi, inji gudu kawai yake ba shi. Ƙarfin ɗagawa kuma yana ninkuwa huɗu in gudu ya ninku biyu, shi ya sa jirgi mai nauyi da ƙananan fukafukai sai ya yi gudun fitar rai kafin ya tashi, haka kuma zai sauka da gudun da birki ba zai iya da shi ba. In ka ga haka, faɗaɗa fiffike ko ka rage kaya.

Leɓɓan tuƙi, wato faifan da ke motsi a bakin fiffike da jela, su ma ana yawan yi musu girma. Sai ka ɗan taɓa sanda jirgi ya fizge. Rage girmansu ko iyakar lanƙwasarsu. Kafin ka tashi kuwa, tsaya a kan titi ka motsa sanda kana kallo: ka ja baya, leɓen jela ya yi sama, ka yi dama, leɓen fiffiken dama ya yi sama na hagu ya yi ƙasa. Sakan biyar wannan ke ci. In kuma jirgi na kaɗa gindi kamar kifi, jelar tsaye ce ta yi ƙanƙanta ko ta matso gaba da yawa.

Gwaji

Tashi rabin aiki ne. Na sha sauke jirage masu ban sha'awa waɗanda na tabbata mai su bai taɓa saukar da su ƙasa ba ko sau ɗaya. Gwada naka a hankali, ka rage gudu har iska ta saki fiffike, abin da ke faruwa in kusurwarsa da iska ta wuce wajen digiri 15, ka ga ko zai sunkuyar da kai ya farfaɗo ko zai shiga juyi. Ka sauka sau uku a jere ba ka fasa komai ba. Kuma in za ka yi gyara, abu ɗaya za ka canza sannan ka gwada, ka ajiye kowane mataki da lambarsa. Wanda ya canza abu biyar a lokaci guda ba zai san wanne ne ya gyara ba, wanne ya ɓata.

Ranar ɗorawa

Wannan ɓangaren ya fi damuna, domin a nan kuskurenka ke shafar wani. Da yawanmu da waya muke wasan nan, wayar ma matsakaiciya, ga cajin da ake lallaɓawa. Jirgi mai sassa dubu yana tafiya sumul a babbar kwamfuta, amma a irin wayoyinmu sai ta ɗauki zafi, hoto ya riƙa sandarewa, wani lokaci wasan ya rufe kansa. Ba na cewa kada a yi ado. Amma kowane ɗan gutsuren da ba a ganinsa daga waje a cire shi, wanda kuma ya yi babban aiki ya taimaka ya fitar da sassauƙan samfuri domin masu waya.

Sai bayani. Mutum zai ɓata mako yana ƙira, ya ɗora ba tare da layi ɗaya na yadda ake tuƙawa ba. Wasan yana da maɓallan kunna abubuwa daga 1 zuwa 8, kuma babu wanda zai san ka ɗaura fitilu a 2, laimar birki a 5, in ba ka faɗa ba. Rubuta gudun da ake ɗaga hanci, da gudun sauka, da inda za a ajiye madaidaicin jela, wato abin da ke riƙe hancin jirgi daidai ba sai an ja sanda ba, da duk wani halin jirgin da ka sani. In yana da aibi, faɗi. Turancinka ko bai nuna ba, gajerun layuka sun wadatar. Hoton farko kuma ya nuna jirgin gaba ɗaya da rana, ba wani lungu mai duhu ba.

Masu kwaikwayon jiragen gaske su nemi zanen jirgin ta gaba da gefe da sama, su riƙe ma'auninsa. Mai son ƙera A-29 Super Tucano na kamfanin Embraer, irin guda 12 da sojojin saman Najeriya suka karɓa a 2021, ya san cewa tsawonsa da faɗin fukafukansa kusan ɗaya ne, mita 11 da 'yan kai. In ka ƙera da ido kawai, waɗanda suka san jirgin za su gane tun daga nesa.

Abu mafi muni shi ne ɗaukar aikin wani. Ba laifi ba ne ka sauke jirgin wani ka buɗe cikinsa ka koya, hasali ma haka aka fi saurin ƙwarewa. In ka gyara ka sake ɗorawa, wasan da kansa yana nuna cewa naka magajin na wane ne. Kuskuren shi ne mutum ya yi dabarar goge wannan alaƙa, ya sauya fenti ya ce nasa ne. Maƙeran nan sun san hannun juna, kuma wanda aka kama sau ɗaya ya daɗe bai wanke sunansa ba. Ko inji ɗaya ka aro, ambaci mai shi. Haka nan bin mutane kana roƙon su yaba maka yana zubar da girma. Gara ka sauke na wasu, ka tuƙa da gaske, ka gaya musu abin da ka lura da shi.

Mun zauna da ƙanena har aka kira magariba. Mun cire inji biyu, mun ja fiffike baya taki uku har shuɗi ya koma bayan ja, mun matso da tayoyin baya. Da muka dawo daga masallaci ya karɓi wayar ya tura totur. Jirgi ya ɗaga hanci a hankali, ya kewaya tsibirin cikin wasan sau ɗaya, ya dawo ya dira a filin jirginsa mai suna Wright da ɗan tsalle. Ya kai yatsa zai ɗora shi nan take, sai ya tsaya ya dube ni.

"Yaya, saura sauka biyu ko?"

Na ce masa e, ya juya jirgin ya koma bakin titi.