Yadda Ake Kare Hanta Idan Za a Daɗe Ana Shan Antibayotik

Yawancin maganin da ka haɗiye ta hanta yake bi kafin jiki ya fitar da shi. Idan na kwana biyar ne, da wuya ta nuna gajiya. Amma mai tarin tibi da zai yi wata 6 yana shan isoniazid da rifampicin, ko wadda aka ɗora a kan nitrofurantoin saboda ciwon mafitsara mai yawan dawowa, ko matashin da ke shan minocycline don kurajen fuska, waɗannan sai an sa ido.

Mataki na farko, tun kafin ka sha ƙwaya ɗaya, ka nemi a yi maka gwajin jini na aikin hanta, wato ALT, AST, ALP da bilirubin. Ka adana takardar sakamakon, domin da ita za a kwatanta duk gwajin da zai biyo baya. A duba ko kana ɗauke da ciwon hanta nau'in B ko C, don hantar da ke fama tun asali ta fi saurin jin jiki.

Na biyu, ka faɗa wa likita duk abin da kake sha, har da na gargajiya da na ƙarin kuzari. Giya kam a bar ta gaba ɗaya. Farasitamol ma, da mutane ke ɗauka kamar ba magani ba, kada babba ya wuce giram 4 a rana, kuma mai matsalar hanta ƙasa da haka ake ba shi.

Na uku shi ne wanda na fi so a riƙe, domin hanta ba ta cika yin kuka da wuri ba. Kowace safiya ka tsaya gaban madubi a hasken rana, ka ja fatar idonka ta ƙasa ka dubi farin. Hasken ƙwan lantarki yakan ɓoye launin rawaya. Ka lura da fitsari: rifampicin yana mai da shi ja-ja ko ruwan lemo, har hawaye da gumi, wannan ba komai ba ne. Wanda ake tsoro shi ne fitsari mai duhu ƙasa-ƙasa, tare da bayan gida da ya yi fari-fari, ƙaiƙayin jiki, tashin zuciya, rashin son abinci, ko ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Idan ido ya yi rawaya, ciwon shawara ne: kada ka ƙara shan maganin sai likita ya gan ka, kuma a ranar za ka je.

In babu waɗannan alamu, kada ka yanke magani da kanka. Isoniazid yakan ɗan ɗaga ALT a wasu mutane, daga baya ya sauka da kansa. A maganin tibi likitoci sukan dakatar idan ALT ya ninka iyakarsa sau 5, ko sau 3 tare da alamu. Yanke maganin barkatai kuwa yana sa ƙwayar cutar ta daina jin magani.

Bayan ka gama ma ka ci gaba da duba ido. Amoxicillin mai haɗe da clavulanate, wanda aka fi sani da Augmentin, yakan jawo ciwon shawara makonni bayan an sha ƙwayar ƙarshe. Idan hakan ta taɓa faruwa da kai, ka rubuta sunan maganin, ka nuna wa duk likitan da zai rubuta maka wani.