Yadda za ka koya wa yaro dokokin ƙwallon ƙafa da littafi

Yaran unguwa sun iya yanka, sun iya sa kai, amma da an ce "satar gida ce" sai gardama ta kaure, mai ƙwallo ya ɗauke abarsa, wasa ya tashi. Littafin dokoki na yara yana rage wannan rigima, in ka san wanda za ka saya da yadda za ka yi da shi.

Kafin ka tambayi kuɗinsa, duba shekarar da aka buga shi. Dokokin ƙwallo 17 ne, hukumar IFAB da aka kafa a 1886 ce ke da ikon taɓa su, kuma kusan kowace shekara sai ta yi gyara. Tun 1992 aka hana gola kama ƙwallon da ɗan wasansu ya dawo masa da ita da ƙafa da gangan. A 2022 aka tabbatar da canjin 'yan wasa biyar a manyan gasanni. A 2025 kuma aka ce golan da ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa takwas, sai a ba abokan hamayya kwana. Saboda haka littafin gwanjo da ke cewa canji uku ne kawai, komai kyan hotunansa, mayar wa mai shago abinsa.

Sai ka buɗe babin satar gida, doka ta 11. In babu zanen fili da 'yan wasa a wurin, littafin bai cika na yara ba. Galibin waɗannan littattafai da Turanci ko Faransanci suke, don haka kai za ka karanta, ka fayyace masa da Hausa.

Kada ku bi shafi bayan shafi. Tsawon fili da nauyin ƙwallo ba su dami ɗan shekara takwas ba. Ku fara da abin da suke faɗa a kai kullum: ƙwallo ba ta fita ba sai dukkanta ta haye layi, haka ma cin ƙwallo a raga. Daga nan jifa, hannu biyu ta bayan kai, ƙafafu a ƙasa. Sai keta, da bambancin katin gargaɗi da jan kati, da fanareti daga mita 11.

Satar gida kuwa a bar ta ƙarshe, don ita ke cin lokaci. Zana fili da gawayi a daɓen tsakar gida, ka samo murafun kwalba kala biyu da tsakuwa a matsayin ƙwallo. Nuna masa cewa ana duba inda ɗan wasa yake ne a daidai lokacin da ɗan'uwansa ya buga masa ƙwallon, ba lokacin da ta iso shi ba. In yana ɓangaren abokan hamayya, ya wuce ƙwallo, ya kuma wuce na biyun ƙarshe a cikinsu (galibi gola ne na ƙarshen), to ya yi satar gida. In suna kafaɗa da kafaɗa, babu laifi. Matsar da murfi ɗaya kaɗan, ka ce ya yanke hukunci, ka sake matsarwa. Sannan ka gwada shi da wadda take kayar da manya a gidan kallo: babu satar gida ga wanda ya karɓi ƙwallo kai tsaye daga jifa, ko kwana, ko bugun gida.

Bayan mako guda, saya masa usur, ku yanka kwali biyu ya shafa musu ja da rawaya, ya yi alƙalancin wasan ƙannensa. Duk hukuncin da aka yi masa musu, ya nuna shafin. Inda littafin ya yi shiru ko ya tsufa, cikakken kundin IFAB na bana yana intanet kyauta, ana iya sauke shi a waya.