Yadda Ake Buga Wasan Golf a Filayen Hamada

Duk wanda zai buga golf a hamada, ya kamata ya fara tambayar irin filin da zai shiga, domin iri biyu ne kuma dabarunsu sun sha bamban. Akwai wanda aka shuka wa ciyawa ana ba ta ruwa, kamar na Emirates da aka buɗe a Dubai a 1988 da waɗanda ke garin Scottsdale a jihar Arizona ta Amurka. Akwai kuma na yashi zalla, kamar na Awali a Bahrain da na Coober Pedy a Ostireliya.

A filin ciyawa, ruwa ne ke tsara komai. Saboda tsadarsa, ba a shuka ciyawa sai a wuraren da ake son ƙwallo ta sauka, abin da ya rage kuwa tsakuwa ce da ƙaya da duwatsu. A ganina, babban kuskuren baƙo shi ne ya ɗauko sandar da ta fi kai ƙwallo nesa a kowane bugun farko. Gara ya zaɓi wadda ya fi amincewa da ita, ko da zai rasa ɗan nisa, domin ƙwallon da ta kauce kaɗan za ta yi tsalle a kan busasshiyar ƙasa ta shige cikin ƙaya. Ya kuma tuna cewa iska mai zafi ba ta riƙe ƙwallo kamar mai sanyi, saboda haka da rana tsaka tana zarce inda aka saba ganin ta faɗi.

Idan ta faɗa jeji, doka ta ba da minti 3 na nema. Kada a cusa hannu cikin kurmi, a yi amfani da sanda, saboda macizai da kunamu. Idan kuwa ƙwallon tana kusa da dabba mai haɗari, an yarda a sake ajiye ƙwallo a wani wuri a buga daga can ba tare da tara ba, wato ba za a ƙara wa ɗan wasa bugu a lissafinsa ba. Daga cikin sanduna 14 da aka halatta, yana da kyau a keɓe tsohuwa guda ɗaya don bugu a kan tsakuwa. A tsaya yadda ƙwallon za ta ɗan fi kusa da ƙafar baya, a tabbatar sanda ta same ta kafin ta taɓa ƙasa, kuma burin kawai shi ne komawa kan ciyawa. Inda ta maƙale a gindin ƙaya, karɓar tarar bugu ɗaya ya fi a yi ta fama har a ɓata uku.

Kusa da rami, yawancin ciyawar dangin kirikiri ce, wadda ke kwantawa gefe guda. Idan ta yi sheƙi a ido, ta kwanta ne zuwa gaba, nesa da mai kallo, ƙwallo za ta yi gudu. Idan ta yi duhu, sai an ƙara ƙarfi.

Filin yashi kuwa, wanda 'yan wasan wasu tsofaffin filayen arewacin Najeriya ba baƙi ba ne gare shi, ana shigarsa da ɗan guntun tabarmar ciyawar roba. Idan ƙwallo ta sauka cikin hanyar da aka shata, sai a ɗora ta a kai a buga. Kewayen rami yashi ne da aka cakuɗa da mai aka daddale, kuma ana share hanya tsakanin ƙwallo da rami kafin kowa ya gangara tasa. Ƙwallo ba ta tsalle sosai a kansa, don haka a jefa ta kusa da tuta gaba gaɗi, a kuma gangara ta da ɗan ƙarfi ba tare da lissafa lanƙwasa mai yawa ba. Takalmi mai ƙusoshi yana ɓata wurin, shi ya sa ake son mai shafaffen tafi.

Zafin bazara a Dubai da birnin Phoenix na Arizona yakan wuce digiri 40, saboda haka daga Nuwamba zuwa Maris ne lokacin da ya fi dacewa a can. Wanda ya zama dole ya fita da zafi, ya yi sammako ko ya nemi filin da ke da fitilun dare, ya sa hula mai faɗi, ya riƙa kurɓar ruwa a kowane rami tun ƙishirwa ba ta kama shi ba. Da zarar ya ji jiri ko ciwon kai, ya ajiye sanda ya nemi inuwa.